Zaman Ɗaliban Ƙasar Hausa da Barno a Masallacin Azhar Kafin Shekarar 1959

Idan aka ɗauki tarihin wani malami daga cikin malamanmu da suka yi karatu a gabas, abin da akan tarar game da tafiyarsa bai cika wuce layi biyu ko uku ba: ya tafi hajji, ya biyo ta Masar, ya yi karatu wurin shehu wane, ya karɓi ijaza, ya komo gida. Masu rubuta irin waɗannan tarihohi salsalar ilmi ce ta dame su, kuma ba mu ga laifinsu ba. To, amma tsakanin "ya sauka Masar" da "ya komo gida" akwai shekaru, wani lokaci masu yawa, waɗanda a cikinsu mutumin nan ya ci abinci, ya nemi wurin kwana, ya yi ciwo, ya sha sanyi, aka kuma yi masa dariya a kasuwa saboda irin Larabcinsa. Waɗannan shekaru su ne wannan takarda za ta duba.

Ra'ayin da za mu gabatar wa mahalarta wannan taro shi ne cewa tsarin masauki da ciyarwa na Azhar, watau abin da ake kira ruwaƙi, shi ne ya yanke wa ɗalibinmu abin da zai gani na Masar da abin da zai wuce shi. Shaidunmu yawancinsu Misirawa ne: Maƙrizi, wanda ya rasu a 1442, Abdurrahman Jabarti, wanda ya ga shigowar Faransawa a 1798, Ali Mubarak, mai littafin nan babba na bayanin Alƙahira da aka buga a ƙarshen shekarun 1880, da kuma Ɗaha Husaini, wanda ya shiga Azhar yana yaro a 1902, ya kuma rubuta labarin zamansa a can.

Hanya da masaukin farko

Kafin ƙarni na 20, hajji ne ke fitar da mutum daga Katsina ko Kano ko Birnin Gazargamu, karatu ya biyo baya. Mai bin arewa yakan bi ta Agadas da Gat zuwa Murzuk, daga nan ya yanki gabas ta Aujila da Siwa, ya ɓullo wa Alƙahira ta yamma. Mai bin gabas kuwa ta Barno da Bagarmi da Wadai zai bi ya shiga Darfur, sa'an nan ko dai ya bi ayarin hanyar nan ta kwana arba'in zuwa Asyuɗ a bakin Nilu, ko kuwa ya wuce Sinnar da Suwakin ya ƙetare zuwa Jidda, bayan ya sauke farali ya biyo ayarin Misirawa zuwa Alƙahira. Talaka yakan shekara da shekaru a hanya, yana yada zango yana noma, ko koyar da yara, ko rubuta laya. Baturen nan Burckhardt ya gamu da irin waɗannan matafiya a ƙasar Sudan a 1814, ya kuma bayyana yadda suke tafiya a ƙasa da ɗan guzuri kaɗan. Abin lura a nan shi ne, ɗalibin da ya iso ƙofar Azhar ta wannan hanya ba yaro ba ne. Magidanci ne wanda ya sauke Alƙur'ani, ya taɓa littattafan fiƙihu, ya kuma riga ya ga duniya.

Maganar masaukin mutanenmu a Masar tsohuwa ce ƙwarai. Maƙrizi ya ba da labarin cewa a cikin shekarun 640 na Hijira, watau wajen 1242 zuwa 1252, alhazan Kanem sun ba wani alƙali Bamalike mai suna Alamuddin Ibn Rashiƙ kuɗi ya gina makaranta a Fusɗaɗ, tsohon birnin da ke kudu da Alƙahira. Ya gina, ya kuma koyar a cikinta, sunanta ya bazu a ƙasashen Takrur, suna aiko mata da kuɗi kusan kowace shekara. Al-Umari ma ya ambace ta, ya ƙara da cewa a nan ne matafiyan Kanem ke sauka. Ke nan tun farkon fari makaranta da masauki abu ɗaya ne a wurin baƙo.

A wancan lokaci Azhar ba ta kai matsayin da muka san ta da shi ba. An fara gina masallacin a 970, aka yi sallar Juma'a ta farko a cikinsa a 972, zamanin Faɗimawa. Salahuddin ya tsai da huɗuba a cikinsa, ba a mai da ita ba sai zamanin Sarki Baibars a wajen 1266. Daga nan ne baƙi suka fara taruwa. Maƙrizi ya ce a shekarar 818 ta Hijira, watau 1415, akwai matalauta 750 da ke zaune dindindin a cikin masallacin, mutanen Farisa da na Zaila da na Magrib da na ƙauyukan Masar, kowace ƙungiya da ruwaƙinta. A wannan shekara ce wani amir da aka ɗora wa kula da masallacin ya kore su duka, aka fitar da akwatunansu waje. Sun dawo daga baya, amma labarin ya isa ya nuna yadda zaman baƙon ɗalibi yake rataye a kan ra'ayin mai iko.

Ruwaƙi da gurasa

Asalin ma'anar ruwaƙi ita ce rumfar da ke tsakanin ginshiƙai. A Azhar kalmar ta koma sunan sashen da aka keɓe wa mutanen wata ƙasa ko wata mazhaba. A ƙarni na 19 akwai na Turkawa, da na mutanen Magrib, da na Sham, da na Jawa, da na Indiya, da na Kurdawa, da na Yaman, da na Jabartawa na gabashin Afirka, da na mutanen kudancin Masar, ga kuma zawiyar makafi a gefe. Kowane ruwaƙi yana da shehunsa, da naƙibi mai riƙe da littafin sunaye, da 'yan akwatunan katako jere a jikin bango inda ɗalibi zai kulle littattafansa da rigarsa ta biyu, in yana da ita. Ruwaƙan Turkawa da na Magrib da na Sham manya ne, masu ɗakuna da ɗakin girki da tarin littattafai. Na baƙar fata ƙanana ne. Akwai na Sinnar, akwai na Dakarna wanda mutanen Darfur suka fi yawa a ciki, akwai na Dakarnatu Salih na mutanen Wadai da kewayen tafkin Chadi, sai kuma na Barnawa, wanda ke karɓar mutanen Barno da na ƙasashen da ke yamma da ita. Kalmar Dakarna ɗin nan daga Takrur ta fito, kamar yadda sunan unguwar Bulaƙud Dakrur ta Giza ya fito, haka nan kalmar "takari" da muke ji a bakin alhazanmu.

Akwai abin da ya kamata masu bincike su kiyaye a nan. Bamisire bai damu da bambancin Bakano da Babarbare da Bafilatanin Adamawa ba. Sunan ruwaƙin da aka rubuta mutum a ciki shi ne asalinsa a wurin hukuma. Saboda haka idan muka ga "al-Barnawi" ko "at-Takruri" a cikin wata takardar Masar, bai kamata mu yi saurin yanke hukunci a kan harshen da mai sunan yake yi a gidan ubansa ba.

Babban amfanin shiga littafin naƙibi shi ne jiraya, watau rabon gurasa. Gurasar daga waƙafi take fitowa: wani sarki ko amir ko attajiri, ko matar ɗayansu, ya tsai da gona ko kantuna ko gidan haya, ya rubuta cewa a riƙa sayen gurasa kaza ana ba mazauna ruwaƙi kaza, kullum ko bayan kwana bibbiyu. Tun da yake adadin gurasar a ƙayyade yake a cikin takardar waƙafi, adadin masu ci ma a ƙayyade yake. Sabon zuwa sai a rubuta shi cikin masu jira, ba zai sami rabo ba sai wani ya mutu ko ya tafi. Wanda ya daɗe yakan sami fiye da na sabo, malamai su ma suna da nasu kason, wanda ya sami rara kuwa sai ya sayar a bakin ƙofa ya sayi mahaɗi. Mahaɗin bai wuce ful ba, wani irin wake mai faɗi da ake dafawa dare guda, da albasa, da kayan lambu da aka tsima a ruwan gishiri, da baƙar zuma wadda maɗin rake ce mai kauri. Ɗaha Husaini ya daɗe yana tuna wannan abinci, da yadda ɗalibai kan haɗa 'yan kuɗinsu su sayi nama sau ɗaya a mako. Masu ziyara sun sha ambaton gurasar da ake shanyawa a tsakar masallaci don ta bushe ta daɗe, in za a ci a jiƙa ta da ruwa.

Ɗalibi Bamisire yana da madogara biyu da namu ba shi da su. Iyayensa sukan aiko masa da busasshiyar gurasa da cuku da man shanu daga ƙauye, sa'an nan idan babban hutu ya zo, daga wajen Rajab ko Sha'aban har bayan ƙaramar salla, yakan tafi gida. Namu yana nan a masallacin da ya yi shiru, ba darasi, ba aike. Don haka dole ya nemi sana'a. Wasu kwafar littattafai suke yi a biya su, wasu karatun Alƙur'ani a gidajen makoki da maƙabartu, wasu kuma rubutun laya da hatimi, domin mutanen gabas sun yi imani da cewa Takrurawa da mutanen Magrib sun fi kowa sanin asiri.

A nan ne muke ganin babban bambanci da abin da ɗalibin ya saba da shi. A ƙasar Hausa unguwa ce ke ciyar da almajiri. Yana bara ƙofa-ƙofa, yana da uwar ɗaki da yake ɗebo wa ruwa ta ajiye masa tuwo, da damina yana noma gonar malam. Kafin ya shekara ya san kowane gida, ya iya karin harshen garin, wataƙila ma a nan zai yi aure. A Azhar kuwa mai ciyar da shi ya mutu shekara ɗari ko ɗari biyu da suka wuce, gurasar ta hannun naƙibi take zuwa, kuma waɗanda yake kwana da su duk mutanen ƙasarsa ne. Ta haka mutum yana iya shekara biyar a tsakiyar Alƙahira bai taɓa cin abinci a gidan Bamisire ba. Ruwaƙi ya tsare shi daga yunwa, ya kuma tsare shi daga garin.

Yinin ɗalibi

Karatu da lokutan salla yake tafiya. Bayan asuba akan yi tafsiri da hadisi, da hantsi fiƙihu, wanda shi ne babban darasin yini, bayan azahar nahawu da sarfu da balaga, da la'asar ko bayan magariba kuma manɗiƙ da sauran fannonin da ba a ɗauke su na tilas ba. Daga azahar ɗin Alhamis har Juma'a hutu ne. Babu aji, babu ƙararrawa, kuma kafin 1872 babu jarrabawa. Kowane shehu yana da ginshiƙinsa da aka san shi da shi, yakan zauna a gindinsa bisa buzu, ko bisa kujerar katako idan jama'arsa ta yi yawa, ɗalibai su kewaye shi. Wanda ya ga darasin bai yi masa ba, gobe sai ya koma wani ginshiƙin.

Littattafan ba baƙi ba ne ga ɗan ƙasar Hausa. A fiƙihun Malikiyya da Ishmawi ake farawa, a bi da Iziyya, a shiga Risala, a ƙare da Muhtasar na Halilu. A nahawu kuma daga Ajuruma ne zuwa Ƙaɗrun Nada zuwa Alfiyyar Ibn Malik. Da yawa daga cikin mawallafan nan da masu sharhinsu ma Misirawa ne. Shi Halilu a Alƙahira ya rayu ya mutu a ƙarni na 14. Harshi, mai sharhin Muhtasar, wanda ya rasu a 1690, shi ake lissafawa a matsayin Shehun Azhar na farko. Ahmad Dardir, mai Aƙrabul Masalik da malamanmu suka riƙe hannu bibbiyu, a Azhar ya koyar har rasuwarsa a 1786. Ɗalibin da ya karanta waɗannan sunaye a zauren malaminsa a Yandoto ko Kalambaina, yanzu ga shi yana iya zuwa da ƙafarsa ya tsaya a kan kabarinsu.

Abin da ya zame masa sabo shi ne hanyar koyarwa. A gida kowa da littafinsa da darasinsa: ka matso gaban malam, ka karanta jimla, ya fassara maka kalma-kalma da Hausa ko Fillanci ko Barbarci, ka tashi wani ya matso. A Azhar darasi ɗaya ne ga kowa, da Larabci zalla, kuma ba a tsayawa ga matani. Shehu zai karanta layi ɗaya, ya kawo abin da mai sharhi ya ce, ya kawo abin da mai hashiya ya ce a kan mai sharhi, sa'an nan a buɗe ƙofar tambaya da musu. Ana iya cinye kwanaki a kan bisimilla kaɗai. Ɗalibi yana da damar ya katse shehu ya ja da shi, har a ɗaga murya, alhali kuwa a ƙarshen darasi shi ne zai ruga ya sumbaci hannunsa. Ga mutumin da aka rena a kan cewa ba a haɗa ido da malam, wannan ba ƙaramin abu ba ne. A ganinmu, wannan al'ada ta jayayya a gaban jama'a tana cikin manyan abubuwan da masu komowa suka zo da su, ko da yake ba a rubuta ta a cikin ijaza.

Abubuwan da ya tarar a gari

Na farko harshe. Ya zo da Larabcin littafi, da wasullansa cif-cif, sai ya tarar mai sayar da wake ba haka yake magana ba. Mutumin Alƙahira yakan mai da jim ta koma "ga", ya haɗiye ƙaf ta koma hamza, gurasa ma sunanta a bakinsa "aish", watau rayuwa. Na biyu rubutu. Hannunmu ɗan gidan rubutun Magrib ne, fa da ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙaf da ɗigo ɗaya a sama, don haka abin da ɗalibinmu ya rubuta ƙaf, Bamisire fa zai karanta. Wanda yake son ya ci abinci da kwafar littattafai sai ya sake koyon riƙon alƙalami. Haka nan karatun Alƙur'ani: shi da ruwayar Warshu ya haddace, masallatan Alƙahira kuwa a ƙarnonin baya-bayan nan Hafsu suke karantawa. Abin sha'awa shi ne Warshu kansa Bamisire ne, ya rasu a 197 ta Hijira, kabarinsa yana maƙabartar Ƙarafa.

Sai maganar mazhaba. A gida Malikiyya ita ce fiƙihu, sauran mazhabobi sunaye ne a littafi. A nan ga su da ransu a sahu ɗaya: Shafi'awa su ne masu rinjaye a arewacin Masar, Hanafiyya ita ce mazhabar hukumar Turkawa, Malikawa kuwa mutanen kudu ne da na Magrib da baƙar fata. Wannan ya saki hannu a salla, na kusa da shi ya yi ƙabalu, wani ya bayyana bisimilla, wani ya ɓoye, babu mai kallon wani. Waɗanda suka san irin ƙurar da sakin hannu da ƙabalu suka tayar a garuruwanmu a tsakiyar ƙarni na 20 za su gane abin da muke nufi.

Garin kansa ma makaranta ne ga mai fita. Ga gidaje hawa uku da huɗu, ga gidajen wanka na haya, ga 'yan garuwa da salkunansu suna kawo ruwan Nilu. Masallacin Sayyidina Husaini taku kaɗan ne daga Azhar, kasuwar Hanul Halili tana gefensa. A watan Shawwal akan zaga gari da mahmal da rigar Ka'aba, wadda a Alƙahira ake saƙa ta a wancan zamani. A watan Agusta, idan Nilu ya cika, akan yi bikin fasa madatsar da ke bakin mashigin ruwan birni. Lokacin maulidin Sayyid Badawi na Ɗanɗa har darussa sukan tsaya. Gahawa ma, bisa ga abin da aka rubuta tun ƙarni na 16, ta hannun sufayen Yaman da ke zaune a unguwar Azhar ta shigo Alƙahira, suna sha don su raya dare. Duk waɗannan kallo ne na kan titi, wanda baƙo zai yi ba tare da an gayyace shi ba.

Akwai kuma abubuwa marasa daɗi. Sanyin Alƙahira na watan Janairu, a kan daɓen dutse da tabarma ɗaya, ya sha bamban da hunturun gida inda akwai ɗaki da wuta. Annoba takan faɗo wa birnin a kai a kai, ta 1791 da ta 1835 suna cikin mafiya muni, kuma wurin da ɗaruruwan mutane ke kwana jiki da jiki ba ya tsira. A 1896, lokacin kwalara, ɗaliban ruwaƙin Sham sun hana a ɗauki wani ɗan'uwansu mara lafiya zuwa asibiti, 'yan sanda suka buɗe wuta, aka yi asarar rai, aka kuma rufe ruwaƙin. Tun kafin wannan, a watan Oktoba na 1798, bayan boren mutanen birni, Faransawa sun harbi unguwar da igwa, suka shiga masallacin da dawakai, suka farfasa akwatunan ɗalibai, kamar yadda Jabarti ya bayyana.

Mafi nauyi a cikinsu shi ne launin fata. Babbar kasuwar bayi baƙaƙe, wadda ake kira Wakalatul Jallaba, tana cikin unguwar Azhar ɗin nan, kuma ayarin Darfur da ya kawo ɗalibi shi ne ya kawo waɗanda ake sayarwa a cikinta. Tsoron kada a sayar da ɗa kamar bawa ba sabon abu ba ne: tun wajen 1391 Mai Usman ɗan Idris na Barno ya rubuta wa Sarki Barƙuƙ na Masar yana kuka cewa Larabawan Juzam suna kama 'ya'yan Musulmi suna sayar wa fataken Masar da Sham, kuma Ƙalƙashandi ya adana wasiƙar. Ba a ƙulla yarjejeniyar hana cinikin bayi tsakanin Masar da Ingila ba sai 1877. A cikin irin wannan hali, suna a littafin naƙibi ya wuce maganar gurasa. Shaida ce cewa mutum ɗa ne, mai shehun da zai tsaya masa in an kama shi.

Biyu da suka ƙetare bangon

Ba kowa ne ruwaƙi ya tsare ba. Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashnawi, mutumin ƙasar Katsina, ya yi karatu a gida da Barno, cikin malamansa har da Muhammadu al-Wali na Bagarmi. Ya fita hajji wajen 1730, ya zauna a Hijaz, sa'an nan ya dawo Alƙahira. A gabatarwar littafinsa Durrul Manzum ya nuna cewa ya tarar mutanen gabas suna kallon ilmin taurari da na haruffa da wani irin ido dabam da na mutanen ƙasarsa, har ya so ya ɓoye saninsa. Amma wannan ilmi shi ya buɗe masa ƙofa. A 1732 ya kammala Bahjatul Afaƙ, a kan ilmin haruffa da hatimai, inda ya bayyana hanyoyin jera lambobi a cikin gidaje uku-uku ko biyar-biyar ko bakwai-bakwai ta yadda kowane layi zai ba da jimla ɗaya. Masana tarihin lissafi na zamaninmu sun koma kan wannan aiki nasa.

Wanda ya karɓe shi shi ne Shaihu Hasan Jabarti, Bahanafe masanin falaki, wanda danginsa suka gaji shugabancin ruwaƙin Jabartawa. Hasan ya karanci ilmin hatimai a wurinsa, ya kuma saukar da shi a gidansa. A wannan gida Kashnawi ya rasu a 1154 ta Hijira, watau 1741, bayan ya yi wasiyya da littattafansa ga mai masaukinsa, aka rufe shi a maƙabartar malamai. Ɗan Hasan, Abdurrahman, ba a haife shi ba sai bayan shekara goma sha biyu, amma ya tashi ya tarar da labarin baƙon a gidansu, ya sa shi a cikin tarihinsa na Masar. Ba don wannan masauki ba, da abin da muka sani game da Kashnawi bai kai haka ba.

Na biyu shi ne Malam Jibrilu ɗan Umaru, malamin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. A tafiyarsa ta gabas ya sadu da Murtala Zabidi a Alƙahira, mai ƙamusun Tajul Arus, ya karɓi ijaza daga gare shi a wajen 1784. Shi Zabidi ba a gindin ginshiƙin Azhar ya yi suna ba. A gidansa yake karɓar baƙi daga Magrib da ƙasashen baƙar fata, yana tambayarsu labarin ƙasashensu da malamansu yana rubutawa, har annobar 1791 ta ɗauke shi. Salsalar hadisin da ta iso Degel ta hannun Malam Jibrilu ta ratsa ta wannan gida. Mutanen nan biyu sun zo Masar da ilminsu a cike, suna da abin bayarwa, shi ya sa aka shigar da su zaure. Yawancin 'yan'uwansu a tsakar masallaci suka fara, a nan suka gama.

Ƙarshen zamanin ruwaƙi

A 1872 aka kafa jarrabawar alimiyya, daga nan dokoki suka yi ta biyo juna, a 1896 da 1911 da 1930 da 1936, aka kawo rajista da aji da shekarun karatu, aka kuma mai da gurasa kuɗi. A daidai wannan lokaci hanya ta ƙuntata daga ɓangarenmu. Bayan 1903 Ingilishi sun yi ta tsoron Mahadiyanci, daga baya kuma suka koma tsoron siyasar 'yan kishin ƙasa na Masar, saboda haka ba su so ɗalibai su nufi Alƙahira. Sudan, wadda ke hannunsu, ita suka fi amincewa da ita: daga can aka ɗauko malaman Makarantar Shari'a ta Kano da aka buɗe a 1934, kuma Bahtar Ruda aka tura su Malam Abubakar Gumi a 1954. Waɗanda suka isa Azhar a waɗannan shekaru yawancinsu da ƙafarsu suka je, ko kuwa 'ya'yan alhazan da suka zauna a Sudan da Hijaz ne.

A 1959, zamanin Jamal Abdul Nasir, aka buɗe unguwar ɗalibai baƙi a Abbasiyya, wadda ake kira Madinatul Bu'us, mai benaye da gadaje da ɗakin cin abinci da alawus na wata-wata. Aka kwashe baƙi daga masallaci aka mai da su can, aka kuma daina rubuta mutum Babarne ko Batakrure, sai abin da fasfonsa ya ce, Nijeriya ko Nijar ko Chadi. Bayan shekara biyu, doka ta 103 ta 1961 ta ƙara wa Azhar sassan likitanci da injiniya da aikin gona.